Kwamfutoci Masu Riga

Sufeto bai ko cire hularsa ba aka turo ƙofar ofis, ƙamshin turare ya shigo kafin mai shi. Ciyaman ne na ƙungiyar ci gaban unguwa, mutumin da gwamnati ta damƙa wa tallafin buɗe cibiyar koyar da mata kwamfuta. A bayansa wata mata ce da tef ɗin awo rataye a wuya, idanunta sun kumbura.

"Yallaɓai, an kashe mu! An kwashe kwamfutocin cibiya kaf, ko waya ba a bari ba. Ga ɓarauniyar nan na kawo maka da hannuna."

"Wace ce ita?"

"Tela ce, shugabar ɗalibai. Ita ke riƙe da makulli."

"Ta ina ka biyo da ita?"

"Ta layin teloli mana, domin kowa ya shaida."

Sufeto ya dubi matar. Mace mai sana'a, wadda mutane ke bar wa yadinsu su tafi gida su yi barci, an ja ta gaban maƙwabtanta ana kiran ta ɓarauniya tun ba a tambaye ta komai ba. Ko gobe aka sake ta, wa zai sake ba ta ɗinki? Ransa ya ɓaci, amma ya haɗiye. Ya sa aka ba ta kujera da ruwa, ya kira Kofur suka fita.

Cibiyar ɗaki ne dogo a saman wani shagon taya. An jera tebura layi-layi, bango ya sha sabon fenti, ga wani ƙaton kyalle da hoton Ciyaman yana murmushi kamar shi ya ƙirƙiro intanet. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba.

Malamin cibiyar, wani siririn mutum mai tabarau, yana tsaye yana murza hannu.

"Kullum kuke amfani da kwamfutocin?" in ji Sufeto.

"Kullum, ranka ya daɗe. Safe da yamma."

"Duka?"

"Duka."

Sufeto ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya bi gindin bango da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Malam, soket ɗaya na gani a ɗakin nan, shi ma fanka ce a jiki. A ina kuke jona su? A hancinka?"

Kofur ta juya baya tana danne dariya. Malamin ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce sai dai a tambayi Ciyaman.

Da suka koma ofis, Sufeto ya ja kujera kusa da telar.

"Baiwar Allah, yaushe rabonki da ganin kwamfutocin nan?"

"Jiya, Yallaɓai."

"Ƙarya kike yi, kuma ba ki iya ba. Wa kike karewa?"

Hawaye suka zubo mata. "Ciyaman ya ce in muka faɗa wa wani, gwamnati za ta rufe ajin. Mu kuwa ajin muke so."

"In kun faɗi me?"

"Ba sa kwana a wurinmu. Ranar da baƙi za su zo ake kawo su a mota, da janareto. Mu zauna, a ɗauki hoto, a tafa. Baƙi na fita a kwashe, wai za a kai gyara."

"Sauran ranaku fa?"

Ta buɗe jakarta ta ciro wani kwali. An zana maɓallai a kansa da biro, layi-layi, kowanne da harafinsa. Wasu haruffan sun goge saboda dannawa.

"Da wannan muke koyo. Malam ya ce yatsa ne ke fara sabawa. Ni so nake in riƙa saka ɗinkina a intanet, na gaji da jiran wanda zai biyo ta layi."

Sufeto ya juya kwalin a hannunsa. Shi kansa da yatsa biyu yake buga rahoto, yana zagin na'urar, amma aƙalla na'ura ce.

"In kin gan su za ki gane su?"

"Ko a duhu. Na tausaya musu yadda ake jefa su a mota, sai na ɗinka wa kowacce riga da ragowar atamfa. Har da aljihu a gefe na saka linzamin kwamfuta."

Daga nan Sufeto ya wuce ma'aikatar da ke ba da tallafin. Jami'ar da ke kula da cibiyoyi ta karɓe shi da fara'a, ta ce ai Ciyaman mutumin kirki ne, rahotonsa ba ya latti, kuma hotunansa sun fi na kowa kyau.

"Kin taɓa zuwa ba sanarwa?"

"Haba, Sufeto. Ai sai an shirya mana."

"Nuna mini hotunan sauran cibiyoyin."

Ta juyo masa da allon kwamfutarta tana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Koma baya. Ƙara girmansa."

Wata cibiya ce a ɗaya gefen gari. Mata sun jeru suna murmushi, a kan teburin baya kuwa an tara wasu tsummokara masu launi, an ninke su. Na saman yana da aljihu a gefe.

"Wa ke riƙe da wannan?"

"Wani bawan Allah ne, surukin Ciyaman ma, ina ji. Tallafinsu daban, kayansu daban."

"Yaushe za ku duba su?"

"Ai sabon shugabanmu ya canza tsari. Da, kowace cibiya da ranarta. Yanzu ya ce a raba mu, a duba duka rana ɗaya. Yau da yamma ne ma."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Da kun yi haka tun farko, da ba a tozarta matar mutane ba."

Murmushin jami'ar ya ɗauke.

Tun daga bakin titin cibiyar surukin suka jiyo ƙarar janareto. Sufeto ya shiga, Kofur da telar na biye. Ga kwamfutoci a jere, a kunne, kowacce da mace a gabanta ta ɗora yatsu a kan maɓallai ta ƙame, ba mai motsi. Ciyaman na tsakiyar ɗaki yana gyara wa wata tsohuwa zama.

"Inna, ki yi murmushi kawai. Kada ki danna komai, kin ji? Kada wadda ta..."

Ya juyo. Maganar ta maƙale.

"Yallaɓai! Ai, na zo taya surukina aiki ne."

"Sannu da ƙoƙari. Na wane ne waɗannan?"

"Nasa ne."

Telar ta wuce kai tsaye zuwa bayan labule, ta jawo buhu, ta zazzage. Rigunan atamfa suka zubo. Ta ɗauki ɗaya ta zura wa kwamfutar da ke kusa, ta zauna mata cif.

"Ɗinkina ne," in ji ta. Ta ɗaga kai.

Surukin, wanda ya maƙale a bakin ƙofa, bai jira a tambaye shi ba. "Wallahi ni sunana kawai ya ara! Ko kunna ta ban iya ba."

Ciyaman ya zauna a kan benci, babbar rigarsa ta baje a ƙasa.

"Kaya ɗaya na saya," ya ce a hankali. "Su nake zagayawa da su. Ba wanda ya taɓa damuwa. Da ma'aikata ta ce a duba duka rana ɗaya, dole ɗaya cibiyar ta zama an yi mata sata."

"Sauran tallafin fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Me ya sa ita?"

"Makulli na hannunta. Kuma na ga ba ta da wanda zai tsaya mata." Ya ɗago, kamar mai neman a fahimce shi. "Tsakani da Allah, Yallaɓai, matan nan me za su yi da kwamfuta? Hoton ai ya ishe su."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya kama masu fasa shago da masu yankan aljihu, amma bai taɓa jin hannunsa na ƙaiƙayin mari kamar yau ba. Ya cusa shi a aljihu.

"Kofur, sa masa ankwa. In mun isa, zai rubuta da hannunsa cewa ƙazafi ya yi mata, a karanta a gaban shugaban teloli."

Aka tasa ƙeyarsa waje, surukin na biye yana rantse-rantse.

Kofur ta dawo ta yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, kayan nan fa shaida ne. Sai mun kwashe su zuwa ofis."

Sufeto ya san inda shaida ke ƙarewa: ɗakin ajiya, har sai ranar da kotu ta ga dama. Ya dubi matan. Har yanzu ba wadda ta motsa.

Tsohuwar nan ta ɗago kai, yatsunta na nan inda aka ɗora mata su.

"Ɗan nan, mu sauke hannu?"

Sufeto ya dubi agogonsa, ya yi gyaran murya. "Kofur, motar ɗaukar kaya ba za ta samu ba sai can da dare. A bar janareton."

Telar ta ja kujera ta zauna kusa da tsohuwar, ta kama yatsanta.

"Kada ki sauke, Inna. Danna."