Shekarar Da Aka Rufe Iyaka

"Ka tafi, Yusufu! Don Allah ka tafi kafin Baba ya fito..."

Lubabatu na tsaye a zauren gidansu da ke unguwar Zango, can ƙetaren iyakar Najeriya ta arewa. Wata bakwai rabonta da shi, tun da Najeriya ta rufe iyaka ana tsakiyar fari. Yusufu, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ɗan Daura, ya rame ya yi baƙi.

"Luba tawa, kwana huɗu na yi a daji bisa raƙumi. Buhu uku na hatsi na ɓoye muku a Tirmini."

"Ka ci abinci kuwa?"

Bai kai ga amsawa ba mahaifinta, Alhaji Illa, ya fito.

"Mutanenku sun koro ƙanena daga Kano kamar ɓarawo, sun rufe mana ƙofa muna fama da yunwa, sannan ka zo neman 'yata?"

"Baba, ba ni na rufe ba..."

"Fita!"

A dakalin ƙofar gida Alkasum ke zaune, ɗan duwan, wato jami'in kwastan, wanda ya daɗe yana neman Lubabatu tana ƙi. Komai a kunnensa. Kafin la'asar an kama Yusufu da buhunansa, washegari aka miƙa shi ga sojojin wancan ɓangaren.

Bayan kwana uku buhunan suka iso gidan, wai kyautar Alkasum.

"Inna, wallahi hatsin Yusufu ne!"

"Na sani," in ji uwar, idonta a ƙasa. "Dubi ƙannenki."

Lubabatu ta dube su, duk haƙarƙari a waje. Ta ɗauki taɓarya. Ita ta daka, ita ta tuƙa, ta kuma ci, hawaye na ɗiga cikin ƙwarya.

Alkasum ya yi ta zarya har ya gaji, ko zaure ba ta ƙara leƙawa ba.

Ranar da aka buɗe iyaka, ta ja mayafi sai tasha. Ta tari direban farko da ya shigo daga Daura.

"Yusufu mai kamiyo?" Ya cire hula. "Allah Ya jiƙansa. Tun bara, a tsare. Ciwon ƙirji ne."

Ta dafa motar.

A rumfar mai shayi rediyo na ta bayani, wai shugabannin ƙasashen biyu sun gana, sun ce al'ummarsu uwa ɗaya uba ɗaya ce. Mutanen tasha har da tafi.

Lubabatu ta juya a hankali.

"Malam, don girman Allah... kashe rediyon nan."