Surukar Da Ba Ta Nutso

Ke ce, Maman Du-sik! Ke kika tura min 'ya ƙarƙashin teku, kuma har yau ba ki tako asibiti ba!

Ni ban yi boko ba, ruwa na sani. A gaɓar tsibirin Jeju na tsufa ina nutson katantanwa, can kunnena ɗaya ya mutu. Shi ya sa da yatsun autata Ok-ran suka fara kumbura suna karkacewa, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, na rantse ba za ta taɓa sa rigar roba ta masu nutso ba.

Sai ɗanki ya gan ta.

Kullum da safe hannunta a sandare yake tashi. Du-sik zai biyo kafin ya hau jirgin kamun kifi, ya rufe yatsun a tafinsa yana hura musu ɗumi.

"Yaya, sake ni, Inna na kallo..."

"Ta kalla mana. Hannun matata ne."

"Wa ya ba ka?"

"Ke, jiya. Har kin manta, 'yar rigimata?"

Ke kuwa, shugabar masu nutso, a bakin murhun da muke jin ɗumi kika tsaya kina yatsina.

"Surukar da ba ta nutso? Hannu kamar citta! Wa zai gaji gorata ta nutso?"

Mi-ja, 'yar mai gonar lemon da kika zaɓa masa, har da riƙe ciki don dariya.

Du-sik na tafiya kamun kifi mai nisa, Ok-ran ta zo ta durƙusa a gabanki, wai ki koya mata nutso. Na yi ihu, na yi zagi.

"Inna, in ban shiga ruwa ba na rasa shi," ta ce min. "Ki bar ni..."

Ba a jima ba tudun gidanmu ya gagare ta, sai ta tsaya tana haki. Ƙafafu suka kumbura, rigar roba ta ƙi shiga. Barci ma sai a jingine.

Na same ki. "Yarinyar nan numfashinta ya ragu."

"Lalaci ne! Numfashi a ruwa ake ƙara shi."

Kika cika mata hannu da garin maganin ciwo. Mi-ja ta taɓe baki: "Kumburi? A dai duba, ko ciki ne."

Wannan maganar ce ta mayar da ita ruwa washegari, ranar da jirgin su Du-sik ya dawo. Daga gaɓa ya hango gorarta na yawo ita kaɗai. Da takalminsa ya faɗa.

"Ok-ran! Buɗe ido, ni ne! Ok-ran!"

Leɓenta ya yi shuɗi.

A asibiti likita ya zaunar da ni. "Iya, ciwon nan ba a gaɓɓai kaɗai yake tsayawa ba, yana iya cin zuciya a hankali. Hakin da kumburin, zuciya ce ke gazawa. Maganin ciwon ma ya ƙara tara mata ruwa."

Da ta farfaɗo, bango ta juya wa fuska.

"Yaya, je ka auri mai lafiya. Haihuwa ma an ce kasada ce gare ni..."

"Kin gama?"

"Tudu ma ba zan iya hawa ba."

"To me bayana yake yi? Ni ba mai nutso na zo nema ba. Ke nake so!"

Ta yi kuka har injin da ke kanta ya fara ƙara.

A satin ya je ofishin gari aka rubuta aurensu. Ba biki, ko aladen da muka saba yankawa ba a yanka ba. Amarya na kwance da robar iska a hanci, ango na ba ta kunun shinkafa a cokali. Likita ya ce za a lallaɓa zuciyar, amma ba za ta koma yadda take ba.

Surukarki ce yanzu, ko kin so ko kin ƙi.

Gobe kafin mata su shiga ruwa zan zo. Ki tsaya a gabansu, ke da Mi-ja, ki maimaita cewa lalaci ne in kin isa. Sannan ki dube ni ki faɗa min: wa zai mayar wa 'yata zuciyarta?

Ki amsa!