Ƙofar da Ta Koyi Tambaya

Kafin ƙarfe bakwai na safe, Maraba ta riga ta gaida mutum dubu goma sha ɗaya a babbar tashar jirgin igiya ta birnin Tudun Rana.

"Barka da asuba, Malam, ka tashi lafiya?" Ƙofar gilashi ta zuge, mutumin ya wuce.

"Sannu Hajiya, kin fito?" Wata ƙofar ta buɗe.

Maraba na'ura ce mai gadin ƙofofin birnin, tun daga tashoshi har kasuwanni. Injiniya Kubura Jatau ce ta ƙera ta, bayan shekara takwas tana fama. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne harshen kansa, domin Hausa ba ta barin a gaida mutum guda sai an zaɓi "ka" ko "kin". Don haka ta haɗa wa na'urar wani sashe da ta raɗa wa suna ma'aunin siffa. Idon lantarki zai kalli mai tahowa, ya auna faɗin kafaɗa da muƙamuƙi da yanayin taku da kaurin murya, kafin ƙiftawar ido ya yanke hukunci: namiji ko mace. Kuma da yake Kubura ta tsani ƙofar da ke buɗewa shiru kamar bakin kabari, sai ta tsara cewa ba za ta buɗe ba sai gaisuwa ta kammala.

Wata uku komai na tafiya daidai, ban da ƙofa ta huɗu. Kullum ƙarfe bakwai da minti ashirin sai ta cije. Muryar Maraba ta ce, "Barka da asuba, k... k... k..." ta yi ta nanatawa, layi ya miƙe har bakin titi, sai ma'aikacin tasha ya zo ya buɗe da hannu.

Shugaban hukumar sufuri, Alhaji Mamuda Tukur, ya kira Kubura ofishinsa.

"Mutum ɗaya ne ke jawo wannan," in ji shi, yana nuna mata allo. "Gambo Isiyaku, ma'aikacin gonar bene. Na'urarki ta kasa gane ko wane ne. Gonar ma ta rubuto mana, wai jirgin safe na wucewa kullum ba Gambo a ciki saboda ƙofarmu, kuma na'urarsu ta lissafin lokaci ba ta jin uzuri. In aka ƙara makara mako guda, aikin Gambo ya tafi."

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu."

"Kwana biyu na me? Ki ɗauko takardar haihuwa, ki cusa wa na'urar abin da aka rubuta. Shi ke nan."

Kubura ta san hakan zai buɗe ƙofar. Amma tana so ta ga fuskar da ta gagari aikinta na shekara takwas. Da rana ta hau jirgi zuwa gonar.

Gonar bene gini ne mai hawa sittin, kowane hawa da amfaninsa, ruwa na zagayawa ta bututu zuwa saiwoyi ba tare da ƙasa ba. A hawa na arba'in, inda ake tumatir da zogale, aka nuna mata Gambo: doguwar halitta cikin rigar aiki ruwan ƙasa, kai naɗe da ƙyalle shuɗi, tafin hannu da jan lalle, ana tsinke busassun ganye cikin natsuwa.

Kubura ta matso. "Sannu da aiki. Ka... kin..." Kunya ta rufe ta.

Gambo fa sai dariya, har da riƙe ciki. "Ashe mai ƙofar ma haka take! Zauna, Injiniya. A ce min 'ku', ya wadatar."

Suka zauna a kan akwatin iri. Gambo suka yanka mata tumatir ɗaya, suka barbaɗa gishiri, sannan suka ba ta labari ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba.

"Takardata namiji ta ce. Shekara ashirin ana ce min 'kai', ina amsawa, amma kamar takalmin da ya matse, kullum sai na ji shi. Daga baya na roƙi ƙawayena su gwada 'ke'. Ya ɗan fi, amma shi ma ba nawa ba ne. Kakata, Inna Tasalla, ita ta raba gardama. Wata safiya ta leƙo ɗakina ta ce, 'Manya, kun tashi?' Da zolaya ta faɗa. Ni kuwa na ji kamar an sauke min tulu daga ka. Ta lura, sai ta ci gaba da kira na haka har ta rasu."

"Sauran mutanen gida fa?"

"Mahaifiyata mako biyu ta ɗauka. Baba shekara shida, har da gaba a tsakani. Yanzu shi ke gyara wa baƙi in sun yi kuskure. Kin ga ai ba sabuwar kalma na ƙirƙiro ba. Tana bakin kowa, ana ba surukai da dattawa. Ni ara na yi, kuma ba wanda ya rasa tasa."

Kubura ta faɗa musu abin da Alhaji Mamuda ya umarta. Gambo suka ce:

"In shi ne zai tsare min aikina, zan haƙura. Ina son wurin nan, ni na raini zogalen nan tun yana tsiro. Sai dai a riƙa kira na da abin da ba ni ba kullum kafin in karya kumallo. Gaskiya ni ƙofarki ba ta taɓa ba ni haushi ba. A duk garin nan ita kaɗai ta yarda ba ta sani ba."

Maganar ta bi Kubura har ɗakin aikinta. Ta buɗe tsarin na'urar, ta daɗe tana kallon dubban layukan da ta rubuta don kada Maraba ta taɓa yin shakka. Sannan ta ƙara layi tara kacal. Kafin la'asar ta gama.

Ranar Litinin ta tsaya gefen ƙofa ta huɗu. Bakwai da minti ashirin Gambo suka iso. Idon lantarki ya yi ƙyalli, sai muryar ta fito sumul:

"Salamu alaikum. Yaya za a kira ku? Kai, ke, ko ku?"

"Ku."

"An ji, ba za a manta ba. Barka da asuba, Gambo, kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ƙofar ta zuge. Gambo suka ɗaga wa Kubura hannu, suka ruga don kada jirgi ya tashi.

Matar da ke biye, wata kakkaura mai kayan kanikanci, ta dafa gilashin. "Tsaya! Ni ma ta tambaye ni. Wata uku tana ce min Malam saboda muryata, har mijina ya mayar da abin waƙa."

Kubura ta danna allon hannunta, Maraba ta tambaya, matar ta ce "Ke!" da ƙarfi har layi ya fashe da dariya. Da aka tambayi wani mai gemu, sai ya yi tsaki ya ce, "Makauniya ce? Kai mana!" ya wuce abinsa. Wani tsoho ya zaɓi "ku", ya ce shekara tamanin ai ba wasa ba ce.

Bayan kwana uku wata ma'aikaciyar jinya mai suna Zulai ta aiko wa Kubura saƙo. Sunan namiji ne a takardar haihuwarta, kuma tun ranar da ƙofa ta kira ta Malam a gaban abokan aikinta ta daina shiga tasha, take taka sayyada awa guda zuwa asibiti. "Yau ƙofa ta tambaye ni, na hau jirgi," ta rubuta. "Ashe daga sama ana hango kogi."

Cikin wata guda mutum dubu arba'in suka nemi a tambaye su. Majalisar birni ta zartar cewa a tambayi kowa sau ɗaya, kuma duk mai son canza amsarsa ya canza. Daga nan ma'aunin siffa bai da sauran aiki.

Alhaji Mamuda ya raka Kubura ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda injinan ma'aunin suke jere, ɗari biyu, suna gurnani cikin sanyi. Ya daɗe riƙe da takardar kashe su.

"Mun yi wa duniya alkawarin na'urar da za ta san mutum da kallo ɗaya," in ji shi. "Baƙi daga ƙasashe bakwai sun zo ganinta. Yanzu me zan ce musu muna da shi?"

"Ka ce muna da mai tambaya, ranka ya daɗe."

"Tambaya ai jikata ma ta iya."

"Ta iya," in ji Kubura. "Mu ne muka yi shekara takwas muna neman yadda za mu kauce mata."

Ya sa hannu. Ta ja makunnin, gurnanin ya lafa layi bayan layi, har ɗakin ya yi tsit. A saman kansu, ta cikin rufin, suna jin takun mutanen birni suna ta wucewa, ba ƙofar da ta cije.