Yadin da Auta Ta Cusa a Leda

Maman Auta mai rini ce. A bayan ɗakin girki take aikinta. Akwai manyan robobi a wurin, da igiyar shanya, da doguwar sandar juya rini.

Aikin da Mama ta fi iyawa shi ne rini mai hawa-hawa. Ana tsoma yadi a ruwan rini, sai a riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Ƙasan da ya daɗe a ciki ya yi duhu, saman ya fito da haske. Ba ka ganin inda duhun ya ƙare, hasken ya fara.

Wannan karon yadin na yayar Auta ne. Da shi za a ɗinka wa Yaya rigar ranar kammala makaranta. Guda ɗaya ne tal. Tela kuma ya ce in bai gan shi gobe da safe ba, babu ruwansa. Yaya ta zaɓi shuɗi, ta kuma hana kowa sakat da zancen rigar nan.

Mama tana tsakiyar aiki sai maƙwabciya ta shigo a rikice. Kwalba ta yanki ɗanta, tana so a raka ta asibiti. Yaya ba ta gida.

"Auta, zo ki riƙe mini," in ji Mama. "Saura kaɗan. Ki riƙa ɗagawa a hankali. In ya fita duka, ki rataye shi a igiya, duhun yana ƙasa. In na dawo zan ɗauraye."

"To, Mama. Ai na iya."

Ita dai Auta ba a taɓa jin ta ce ba ta iya abu ba.

Ta riƙa ɗagawa a hankali, kamar yadda aka ce. Can sai kyanwa ta biyo ƙadangare ta kan katanga. Auta ta tsaya kallo na ɗan lokaci, sannan ta ƙarasa aikinta.

Da ta ɗaga yadin duka, sai ta ƙura masa ido. Ƙasan ya yi duhu ƙwarai, kusan baƙi. Wannan ba shuɗin da Yaya ta zaɓa ba ne.

"Shi ke nan, na bar shi ya daɗe," ta ce a ranta. "Yau Yaya za ta cinye ni ɗanya."

Tsoro ya hana ta tunani. Ta ninke yadin a jiƙe, ta cusa shi a leda, ta tura bayan tankin ruwa. Ta wanke hannu da sabulu, amma shuɗin ya ƙi fita.

Da Mama ta dawo, ta dubi igiya, ba komai. Ta dubi Auta, ga ta tsaye da hannuwa a baya.

"Ina yadin?"

Auta ta ƙara ɓoye hannuwanta.

"Mu ga hannun."

Nan Auta ta fashe da kuka. "Na ɓata shi, Mama. Ya yi baƙi. Yana bayan tanki."

Mama ta buɗe ledar da sauri, ta warware yadin. Inda duhun ya kwanta a kan hasken, duk ya bar tabo.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko wani ƙyalle da ta gwada rinin da shi tun da safe. Ya bushe, ya yi shuɗi mai kyau. Ta tsoma shi a ruwa, ta ɗago. Nan take ya yi duhu.

"Kin gani? Jiƙaƙƙen yadi haka yake. Sai ya bushe launinsa na gaskiya yake fitowa."

Auta ta buɗe baki. "Ashe ban ɓata shi ba?"

"A roba dai ba ki ɓata komai ba. A leda kika ɓata shi."

Kunya ta kama Auta, har ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Share hawayen, ki ɗebo ruwa," in ji Mama. "Rinin bai gama kamawa ba."

Suka ɗauraye, suka sake ɗaurayewa. Auta ta yi ta jigilar bokiti har kafaɗunta suka yi tsami. Tabon ya ragu, amma bai fita duka ba. Sai Mama ta haɗa wani rini mai haske, ta tsoma saman yadin a ciki don ya rufe sauran. Suka shanya, duhun yana ƙasa.

Ana haka Yaya ta shigo. Mama ta ce, "Ke za ki gaya mata da bakinki."

Auta ta faɗa mata komai. Yaya ta dubi yadin. Ta jawo kujera ta zauna gaban igiya. Zaman nan nata ya fi wa Auta zafi a kan faɗa. Ita ma ta zauna a gefe, tana roƙon Allah a ranta.

Iska ta yi ta kaɗa yadin. Sannu a hankali duhun ya fara washewa. Kafin rana ta faɗi ya bushe sarai. Yaya ta tashi, ta duba gaba, ta duba baya. Ta ɗaga shi a haske tana neman tabo. Babu ko ɗaya.

"Saman ya ɗan fi yadda na so shuɗi," ta ce. "Amma ya yi kyau. Kin tsira, 'yar mai shuɗin hannu."

Auta ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai a lokacin ta ji ashe yunwa take ji.

Mama ta dafa kanta. "Me kika koya yau?"

"In na ga kamar na yi kuskure, in faɗa da wuri. Ɓoyewa ce take ƙara ɓata abu."

"Haka ne. Ko da kin ɓata da gaske, gara mu sani mu gyara tare."

Washegari da safe Auta ce ta kai wa tela yadin da kanta. Ta rungume shi a ƙirji, tana tafe tana murmushi.