Hannun Gem Marar Batir

An yi wata yarinya a wani gari, yayanta yana da gem, wato wasan talabijin, na yaƙin sararin samaniya, inda soja yake harbin butum-butumin ƙarfe da bindiga mai aman wuta. Duk lokacin da ta roƙe shi ya bar ta ta yi, sai ya miƙa mata hannun gem na biyu ya ce, "Danna, ƙanwata, danna! Ke ce ke harbi."

Haka za ta yi ta dannawa har yatsunta su yi ciwo. In butum-butumi ya faɗi, sai ta yi tsalle don murna.

Ran nan hannun ya suɓuce mata, marfin bayansa ya buɗe. Ko batir ɗaya babu! Ga soja can a talabijin yana ta harbi abinsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ashe duk tsallen nan, wauta ake sa ta yi! Ta mayar da marfin, ta ci gaba da dannawa.

Ba a daɗe ba yayan ya kai ƙofar ƙarshe, wadda soja ɗaya ba ya iya wucewa. Ya faki idonta ya sa batir a hannun gem na biyun ya miƙa mata, soja na biyu ya bayyana. Butum-butumi suka yi musu zobe.

"Danna, ƙanwata, danna!"

Ta ajiye hannun a kan tabarma.

"Za su kashe ni! Danna mana!"

Ta ce, "Haba, Yaya, meye na ihu? Ai ko na ajiye, harbi yake yi."