Takobin Soja Jibirilu

Ana kiran sallar magariba a zangon Salaga, Abiba na tuƙa tuwo, dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa randa. Mijinta Zibrim, wanda duk unguwar ba mai kai shi cika baki da tsokana, ya leƙa bayan katanga da sanda, a zatonsa waɗanda ya saba zolaya ne suka zo ramuwa. Ba kowa.

Kwana uku ke nan da ya sauko da takobin da kakansa, marigayi Soja Jibirilu, ya kawo daga yaƙin Bama. Ya ɗora hotonsa a intanet, wani dillalin kayan tarihi ya rubuto masa cewa da alama na Japan ne. Ya ce ya cire ƙota ya ɗauki hoton sunan maƙerin da ke gindin ƙarfen, kuma kada ya taɓa tsatsar, da ita ake gane shekaru.

"Wa zai sayi tsatsa?" in ji Zibrim. Ya sa toka da lemon tsami da soson ƙarfe, ya dirje shi kamar tukunyar biki, ya tura hoto.

Washegarin jifan, da magariba, 'yarsu Kausara, mai shekara goma sha uku, ta yar da buta ta sandare. Da ta buɗe baki, muryar tsoho ce ta fito, tana zagin ubanta da sunansa. Ba ta ci, ba ta sha, maza uku ba sa iya riƙe ta.

Abiba ba ta yi kuka ba. "Baban Kausara, in yarinyar nan ta rasu, kai da takobin rami ɗaya."

Aka ɗauko Afa Wadud daga Yendi, malamin da ya san ruƙiya. Bayan la'asar ya zauna kusa da kanta, ya daɗe yana karatu. Sannan ya yi tambaya.

"Wane ne kai?"

"Shekara tamanin ina cikin ƙarfen nan," in ji muryar. "Jibirilu duk Juma'a yana shafa mini man kanumfari, ya yi mini sallama. Wannan sakarai ya kankare mini ɗaki da toka. Ya hana ni gida, zan zauna a 'yarsa."

"Yarinya ba ta taɓa toka ba. Ka ji tsoron Allah."

Kausara ta yi ta cizon haƙora, har can muryar ta ce, "To, uban ya durƙusa gaban jama'a ya ce bai sani ba. Tun da aka haife shi ban ji ya faɗa ba."

Maƙwabta sun cika zaure, duk waɗanda ya taɓa yi wa dariya. Zibrim ya dube su, ya dubi leɓen 'yarsa da ya bushe, ya dubi muciyar da ke hannun Abiba. Ya durƙusa.

"Ban sani ba."

"Ɗaga murya."

"Ban san komai ba. An gaya mini, ban ji ba."

Kausara ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce, "Mma, ruwa."

Tana sha wayar Zibrim ta yi ƙara. Dillalin ne: takobin na gaske ne, tsoho ƙwarai, amma gugar ta cinye rabin sunan maƙerin, ya fasa saye.

Abiba ta tura masa kwanon toka da ƙafa. "Ta rage. Ga tukwane can."