Minti Uku Zuwa Ƙwanni

"Alo! Alo! Kai, wa ke nan? Ka ɗaga murya mana!"

Baba ya riƙe kan tarho da hannu biyu yana ihu, har masu loda albasa a bakin shagonmu suka juyo. Ni ina durƙushe ina ɗinke bakin buhu. Babu abin da ke fitowa daga tarhon sai shuuu... kamar ana zuba gero a kwano.

Ya ajiye shi da ƙarfi.

"Na gaji da wanga abu! Tun da anka rufe boda mi ya tsinana mini? In ruwa sun sauka ya mutu, in iska ta taso ya mutu. Hamidu!"

"Na'am, Baba."

"Gobe ka tahi Sakkwato, ka kai takarda ofishin tarho. Su zo su cire abinsu, ba ni so!"

Allura ta shige mini yatsa, sai da na ga jini na sani.

Abin da Baba bai sani ba, wannan baƙin tarhon shi kaɗai ya rage tsakanina da Hindatu.

A Ƙwanni take, tsallaken iyaka. Daga Illela zuwa ƙofar gidansu, a keke ko gumi ba na yi. A kasuwar Lahadi na fara ganinta, ta rako innarta sayar da man gyaɗa, na sayi kwalba uku alhali ko girki ban iya ba. Shekara guda ina zuwa zance. Rana ɗaya aka wayi gari an rufe boda, sojoji ko'ina, Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan bi hanyar daji ba. Ban taɓa karya maganarsa ba.

To sai ta samo dabara. Duk Alhamis Baba yana tafiya gonarsa ta Tozai, ni ke tsaron shago. Da la'asar sai ta je gidan wayar Ƙwanni ta sa a haɗa ta da lambarmu. Wai muryar tata sai ta je Yamai, ta gangara Ikko, ta hauro Sakkwato, sannan ta iso kunnena. Mutumin da in na hau tudu ina hango fitilun garinsu! Kafin ta iso duk ta gaji, rabi magana rabi iska. Kuma minti uku kacal ake ba ta, suna cika a yanke.

Alhamis ɗin da ta wuce kuka na fara ji.

"Hamidu... kana ji na?"

"Ina ji, Hindu. Mi ya same ki, farin cikina?"

"An yi wa Babanmu canjin wurin aiki... can garin Tawa za mu koma ƙarshen wata."

"Tawa?!"

"Ya ce shekara biyu kenan bai ji bakin babba ko ɗaya daga gidanku ba. Ya ce zancen yaro zancen kasuwa ne. In mun tahi, ya rufe maganarka."

"Wallahi Hindu ba wasa nike ba..."

"Na sani, masoyina, ni na sani. Na roƙe shi, ya yarda zai zo gidan waya da kanshi Alhamis mai zuwa. In babba ya ɗauka, to. In kai ka ɗauka..."

Ƙit! Minti uku suka cika.

Tun daga ranar nake neman bakin da zan yi wa Baba magana, na rasa. A gidanmu ɗa ba ya duban ubansa ya ce yana son mace. Ko sunan budurwa aka ambata a gabansa, tashi nake yi. Da Inna tana raye da ita za ta shige mini gaba. Ga shi yanzu ni da hannuna zan kai takardar yanke tarhon.

Na kai kuwa. A mota na yi ta tunanin in ce ta faɗi a hanya, amma na kasa. A ofishin wani ma'aikaci mai tabarau ya duba takardar, ya buga mata hatimi.

"Asabar za a zo a cire."

"Malam, ba a iya ƙara ko mako guda?"

"Kai ka kawo takarda, kai kuma ke roƙo? Asabar."

Alhamis guda ta rage mini a duniya.

Da na sauka Illela ban shiga gida ba, na hau keke sai Amarawa, gidan Gwaggo Yelwa, yayar Baba. Na same ta tana tsince wake. Na gaishe ta, na zauna ina wasa da ƙasa.

"Ɗan nan, ko dai ka yi ɓarna, ko kana son mace. Wanne ne?"

Na sunkuyar da kai. Da kyar na ba ta labarin, ina yi ina tsayawa.

Ta tafa hannu. "Shekara guda kana soyayya da akwati! Kai da ubanka duk ɗaya kuke, sai bakinku ya ruɓe ba ku magana. Tashi ka tahi, ni na san yadda nike da ƙanena Dabo."

Talata ta zo gidanmu, suka shige ɗaki ita da Baba. Ya fito bai ce mini komai ba. Laraba ma bai ce ba. Ko fushi ya yi? Ko Tozai zai tafi abinsa?

Ranar Alhamis bayan azahar sai ga shi ya shigo shago da babbar rigarsa ta Sallah. Ya sa aka share wurin. Ya ciro ƙunshin goro ya ajiye a gaban tarhon, ya gyara shi sosai.

"Ba a neman ɗiyar mutane hannu wofi," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

Na ji hawaye na neman zubo mini, na koma bayan buhuna na tsaya. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a gefe tana jan carbi.

Ƙarfe huɗu da kwata tarhon ya yi ƙara.

Baba ya gyara hula, ya ɗauka a hankali.

"Salamu alaikum. Malam Maharazu? Alhaji Dabo ne, uban Hamidu."

Ikon Allah! Tun da aka kafa tarhon nan ban taɓa jin layi ya yi kyau kamar ranar ba. Daga inda nake tsaye ina jin muryar mahaifin Hindatu tas.

"Ina wuni, Malam?... Lahiya lau. Ina gajiya?... Ina gida? Ina iyali?... Madalla. Ina ruwa? Mu nan sun yi gyara... Ina haƙuri da wagga boda?... Allah shi kawo sauƙi..."

Idona yana kan agogon bango. Minti guda ya tafi.

Sai Malam Maharazu ya karɓa, shi ma ya soma nasa daga farko. Ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa, ya albasa bana. Baba yana amsawa yana murmushi, har da ɗan rusunawa kamar mutumin yana gabansa.

Minti biyu.

Na yi tari. Na sake yin tari. Yaya zan yi in katse manya suna gaisawa? Na dubi Gwaggo, ita ma ba ta san abin da ke ci na ba.

Baba kuwa ya ci gaba: "Af, ashe kai ɗan Malam Abu ne na bakin marina? Allahu Akbar! Allah shi jiƙan shi. Mun yi fatauci tare... To Malam, dalilin da ya sa..."

Ƙit!

Baba ya dubi kan tarhon, ya girgiza shi. "Alo? Alo! Mi ya faru?"

"Minti uku suke ba mutum, Baba," na ce.

"Minti uku? Minti uku ko gaisuwa ba ta ƙarewa! Don mi ba ka hwaɗa mini ba?"

Ta yaya zan faɗa masa, in nuna na san kan abin tun tuni?

Ya buga wa mai haɗa waya na Sakkwato, aka ce layin ƙasashen waje ya cika, sai gobe. Ya ce gobe ba ta yi masa, aka ce to ya yi haƙuri. Sai dai mu jira ko can za su sake samu.

Muka zauna. Ƙarfe biyar ta yi. Na san ƙarfe shida ake rufe gidan wayar Ƙwanni. Na san kuma Malam Maharazu mutum ne mai aiki, ba lallai ya tsaya bin layi karo na biyu saboda yaron da bai gani ba shekara guda. Ina ta hango Hindatu tsaye a bayansa tana murza bakin mayafi.

Sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa kwanon rumfa.

"Ya Allah ka riƙe ruwan nan," na ce a raina. Ni ɗan manomi, ina roƙon kada a yi ruwa!

Biyar da rabi. Baba ya cire hula ya mayar. Gwaggo ta daina jan carbi. Shida saura kwata aka fara yayyafi.

Tarhon ya yi ƙara!

Baba ya zabura har goron ya watse a ƙasa. Ya fizgi kan tarhon, babu sallama babu ina wuni, ya buɗe murya yadda duk layin 'yan albasa sai da suka ji:

"Malam! Muna neman ɗiyarka Hindatu wa ɗana Hamidu! Ka ba mu?!"

Shuuu... Iska kawai. Na matso kusa da tarhon.

Can daga nesa, siririya kamar daga cikin rijiya, muryar ta fito har da dariya a ciki:

"Na ba ku, Alhaji! Na ba shi!"

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Masu loda albasa suka hau tafi daga waje.

Baba ya miƙo mini kan tarhon yana kallon bango, ya sa kai ya fita cikin yayyafin da rigarsa ta Sallah.

"Hamidu..." Kuka take, amma ba irin na wancan makon ba. "Ka ji?"

"Na ji, Hindu. Na ji da kunnena, rabin raina!"

"Ba ni tahiya Tawa. Ya ce in zauna wurin kakata har a buɗe boda, ranar da anka buɗe..."

Aka yi tsawa, layin ya mutu. Ban damu ba. Na daɗe riƙe da shi a kunnena ina dariya, hawaye na sauka a kan rigata.

Da na leƙa waje, Baba yana tsaye ƙarƙashin rumfa, ya jiƙe, fuskarsa duk damuwa.

"Yaya," ya ce wa Gwaggo a hankali, "ko sallama ban yi wa mutumin nan ba. Surukina guda! Mi zai ɗauke ni?"

Gwaggo ta goge ido da gefen zane.

"Zai ɗauke ka uban da ke son ɗanshi. Shigo daga ruwan nan, Dabo, mu tsince goron."